Ranar da Na Gyara Allon Lodi

Ban taɓa mantawa da ranar da na kusa haɗa faɗa a tashar Konni da guntun alli ba. Farkon shekarun dubu biyu ne, ina ɗalibi, na samu aikin hutu a buron sandikan direbobi, wato ofishin ƙungiyar da ke tafiyar da tasha. Shugaba ne a sama, sai sakatare, sai ƴan kamasho masu loda fasinja. Ni aikina kwafe takardu.

A bakin buro akwai baƙin allo. Duk motar da ta shigo, ana rubuta lambarta ƙarƙashin ta wadda ta riga ta, kuma a kan wannan jeri ake lodi. Ban san haka ba, kunya kuma ta hana ni tambaya. Ni dai lambobi na gani a hargitse. Ranar kasuwar Illela da sassafe na goge allon tas, na ja layi da rula, na jera su daga ƙarama zuwa babba. Har na ja da baya ina sha'awar aikina.

Baba Nomau, direban da ya fi kowa tsufa a layin Illela, tun jiya da la'asar ya kawo motarsa don ya samu lodin farko, wanda ƴan kasuwa ke rububi. Lambarsa ce mafi girma, sai ga shi a ƙasan allo. Wani direba kuwa, Ilu, wanda shigowarsa ke nan bai ma kashe inji ba, ya tashi na ɗaya.

"Wa ya taɓa allon ga?" in ji Baba Nomau.

"Baba, haƙuri za ka yi," in ji Ilu yana dariya. "Abin da anka rubuta shi aka bi."

Nan take hayaniya ta tashi. Ɗan sandan da ke bakin ƙofa ya rugo yana busa usur. Sai na fito na ce ni ne.

Shugaba ya dube ni, ya kira ni yadda ake kiran ɗan makaranta a can. "Ɗan lakwal, ka kwafe na da?"

"A'a, ranka ya daɗe."

Na ɗauka korata za a yi. Sai ya juya ga direbobi ya ce, "To, kowa shi kama kafaɗar wanda ya iske."

Ashe duk direban da ya shigo tasha sai ya nemi wanda ya riga shi sun gaisa. Kowa ya san nasa. Kafin minti biyar manya-manyan mutane da tumbi da furfura sun jeru kamar jirgin ƙasa, Baba Nomau a gaba, Ilu a wutsiya yana cewa ai gwadawa ya yi. Mata masu sayar da fura suka yi guɗa. Ɗan sandan ya kasa busa usur don dariya.

Shugaba ya miƙo mini alli, na bi layin ina rubutawa. Da motar Baba Nomau ta cika, ya leƙo ta taga ya ce, "Ɗana, rubutunka na da kyau. Gobe dai ka tambaya."

Ranar na gane cewa tsarin tasha ba a allo yake ba, yana cikin gaisuwar mutanenta. Ku da kuka kama aiki sabbi, in kun ga abu a karkace a wajen aikinku, ku fara tambayar wanda ya karkata shi.