Zanen da Ke Ƙarƙashin Buzu

A zamanin da Nasara ke mulki, mu a Kabo muke, maigidana masaƙi ne, ni kuma ni ke yi masa kaɗi. Arafiyar da ke fita daga mazarina, wato zaren nan siriri, in kin ɗora ta a tafin hannu sai kin ƙura ido. Shi ya saƙa, a kai marina, a kai gidan bugu, a dawo. Kowane zane namu yana da jan zare siriri a bakinsa, wanda ya san mu da shi yake gane aikinmu.

To sai yadin akoko ya shigo daga kanti. Ga araha, ga faɗi, ba sai an haɗa ƙwaryar saƙa da ƙwarya an ɗinke ba. Masu zuwa zaurenmu suka ragu, suka ragu, har ya zama sai ranar kasuwa ta zagayo ba a yi mana sallama ba. Samarin unguwa suna ta tafiya haƙar kuza, maigida kuma ya ce in rani ya tsaya haka, shi ma zai naɗe masaƙa ya bi su. Mun ga yadda waɗansu suka dawo daga can. Waɗansu ma ba mu gani ba.

Ana nan sai mai shela ya zaga, ya ce za a yi nunin amfanin gona da sana'a a Gwarzo, wanda Bature ya zaɓi saƙarsa za a riƙa ba shi aiki daga Birni. Maigida ya dube ni ya ce, "Ke, kaɗa mini irin wanda ba ki taɓa kaɗawa ba." Na kaɗa har yatsuna suka tsage, allin kaɗi yana shiga yana yi mini zafi. Ya saƙa saƙi guda, da ya dawo daga bugu ko shi bai so ya taɓa shi.

Muka tafi a ƙasa, ni da kaya a ka. Na sauka wurin gwaggona, ranar nunin muka tsaya da sauran mata a bayan zana, muna leƙe ta kafa. Ga rumfuna a jere, ga dawa, ga gyaɗa, ga bijimai, ga masaƙa kowa a kan tabarmarsa.

Yanzu ba kowa ya san yadda ake cinikin tufa a da ba. Mai kaya ba ya fito da na kirki da fari. Zai miƙa maka na yau da kullum, ku gaisa, ka juya shi, ka taɓe baki, ka ce, "Malam, babu wanda ya fi wannan?" Sannan ya sa hannu a ƙarƙashi ya zaro. Haka uban maigida ya yi, haka kakansa, don abu mai kyau ba a barin sa a idon kowa, ana tsoron baki. Saboda haka maigida ya shimfiɗa zannuwan yau da kullum a gaba, saƙin nan kuwa ya naɗe shi ya sa a ƙarƙashin buzu, ya zauna a kai.

Gwaggo ta ce, "Wannan miji naki, ƙwai ya zo sayarwa ne da yake kwanci?"

Na ce, "Gwaggo, jira yake a tambaya."

Ta ce, "Allah ya sa mai jan kunnen ya san tambaya."

Bature ya iso, da hakimi, da tafinta, da dogari a baya. Maigida ya durƙusa ya fara gaisuwa, bai kai ga tambayar gajiya ba Bature ya riga ya ɗaga zane ɗaya da bakin sandarsa. Ya duba, ya sake shi. Na ga maigida ya ɗan gyara zama, hannunsa ya sauka gefen buzu. Bature ya ce wani abu, tafinta ya ce, "An gode, Malam," suka matsa tabarma ta gaba.

Ina gani, tsakanina da maigida bai fi jifa ba. Amma mace ba ta kiran sunan mijinta, balle ta ɗaga murya a gaban hakimi da jama'a. Na riƙe zana har karan ya karye a hannuna. Shi kuma ya zauna yana jira su dawo, don a saninsa mai saye yakan zaga ya dawo. Har aka fara kwance rumfuna yana zaune.

Wani masaƙi daga wajen Lakwaya aka zaɓa. Aikinsa ba laifi, ba zan ci hakkinsa ba.

A hanyar komawa muka yi ta tafiya har muka hango kukokin gari. Nan ya ce, "Bai tambaya ba." Na ce, "Bai tambaya ba, Malam."

Bayan sallar layya ya kwance allirar masaƙarsa, ya naɗe, ya rataye a ɗakina, ya bi ayarin masu kuza. Damina biyu aka yi ana kawo mini gaisuwarsa a bakin masu dawowa. A ta uku, wanda ya zo bai kawo gaisuwa ba, ya tsaya a zaure, ya ce a kira masa ƙanin maigida.