Na'urar Gem da Binciken Aurena

Akwai mutum ɗaya a Manchester da har yau idan na hango shi a masallacin Juma'a nake canja sahu. Ba tsoronsa nake ji ba, gudun kada in ɓata sallata da saƙa abin da zan yi masa ne. Kawun yarinyar da na so in aura ne, ƙanin mahaifiyarta, injiniya mai furfura a gemu da taushin murya.

A shekarun da gwamnati ta tsuke bakin aljihu, ina cikin waɗanda council, wato hukumar gari, ta sallama daga sashen kwamfuta. Na koma aikin kwantiragi na wata uku-uku a wani asibiti, ina zaune a ɗan ƙaramin flat a Ardwick. Abin da ya hana ni zaucewa a lokacin shi ne gem, wasan bidiyo na na'ura. Tun a Kano nake buga shi, kuma na fi son irin wanda ake yi don kasuwar Japan, wanda ba a kawowa Ingila. Sai ka saya da guminka, ya iso ta gidan waya, ka zura a na'ura ta ce ba ta san zancen ba, don kamfani ya kulle ta kada ta karanta faifan wata ƙasa. Ni kuwa ba a yi mini haka. Na kwance ta, na liƙa mata wani ɗan mitsitsin ƙarfe da dalma, ta koma karɓar kowane faifai. Daga nan na riƙa kwafar faya-fayaina ina buga kwafin, na asalin yana ajiye a kwalinsa, domin guda ya taɓa karcewa na yi mako ina cizon yatsa.

Na san abin da doka ta ce, don na zauna na karanta. Sayo faifai daga waje don kanka ba laifi ba ne. Ajiye kwafin abin da ka mallaka ma akwai inda ta sassauta. Amma fasa makullin kamfani, a nan take murtuke fuska, musamman ga mai yi don sayarwa. Wato an yarda ka ajiye kwafi, an hana ka abin da zai sa kwafin ya yi aiki. Ban ce hannuna tas yake ba. Sai dai ban taɓa sayar wa kowa faifai ko ɗaya ba, ban kuma kwafi abin da ban saya ba.

Ita yarinyar a Birmingham take karatun haɗa magunguna, gidansu a Handsworth. Shekara biyu muna tare, na haddace tashoshin jirgin ƙasan da ke tsakaninmu. Da magana ta kai gaban manya, mahaifinta, wanda likita ne, ya yi abin da kowane uba yake yi, ya sa a binciki halina. Wa zai aika in ba ƙanin matarsa da ke gari ɗaya da ni ba?

Wata Lahadi bayan azahar kawun ya faɗo mini ba sanarwa. Ya tarar da na'urar a buɗe a kan tebur, wayoyinta a waje, ga ƙarfen dalma, ga tulin faya-fayai da na rubuta sunayensu da hannu. Ya kalla, ya sake kalla. Bai tambaye ni komai ba. Ya sha shayina, ya ci dabinona, ya sa mini albarka ya tafi.

Bayan kwana uku yarinyar ta kira ni tana kuka. Kawu ya shaida wa mahaifinta cewa ina buga faifan jabu ina sayarwa, 'yan sanda na nan tafe, idan aka ba ni ita a gidan yari za ta riƙa kai mini abinci.

Ba ƙaryar ce kaɗai ta ƙona mini rai ba. Mutumin nan duk Asabar falonsa cike yake da manyan gari ana kallon ƙwallo, kuma da wani ɗan akwati ake kallo, wanda ya sayo a bayan fage, mai kamo duk tashoshin kuɗi ba tare da an biya kowa ba. Sau biyu akwatin ya ƙi aiki, sau biyu ya kira ni: "Ɗana, kai da ka san computer, zo ka duba mana abin nan kafin kick-off." Na je na gyara. A ranakun ba ɓarawo ba ne ni, ƙwararre ne, har da tafa mini.

Aka sa ranar zama a Handsworth. Abokin mahaifina da ke Selly Oak, wanda nake kira Baffa, shi ne waliyyina a ƙasar nan. A cikin bas a kan Bristol Road ya ja mini kunne.

"Yau ba ka da baki. Mai neman aure kansa a ƙasa yake. Ni zan yi magana, you just sit there."

Na ce to. Amma tun daga Manchester nake jera kalmomina kamar mai wasa wuƙa.

A falon akwai mahaifinta a kujera, kawu a gefensa, da dattawa uku na unguwa. Na zauna a ƙasa kan kafet. Baffa ya buɗe jakar da na ɗauko, ya riƙa fito da faya-fayan, kowane kwafi da na asalinsa a cikin kwali mai rubutun Japan. Ya yi bayani a tsanake, bai ɓoye cewa taɓa cikin na'urar yana da magana a doka ba. Likita ya ɗauki kwali ɗaya, ya juya shi, ya gyara tabarau.

"Wato duk nasa ne. It's a hobby," in ji shi. "Sai dai a rabu da buɗe na'ura, tunda akwai shubuha."

Baffa ya ce an rabu. Ɗaya daga cikin dattawan har ya fara ɗaga hannu zai yi addu'a. Sai kawu ya gyara hula, ya yi ɗan murmushi, ya ce, "To, alhamdulillahi. Allah dai ya shirya mana yaran zamani, ya raba su da cin haram."

Ba ban haƙuri, ba "na yi kuskure". Baffa ya danne mini gwiwa da hannu. Na ture hannun.

"Kawu," na ce, "tunda maganar haram ake, akwatin falonka fa? Wane subscription kake biya? Sau biyu ka kira ni na gyara maka shi. Ni abin da na saya nake kwafa. Kai me ka saya?"

Na ga gumi ya tsatso wa kawu a ƙarƙashin hula, a watan sanyi. Ɗaya daga cikin dattawan ya sunkuyar da kai, don shi ma yakan je kallon idan ya shigo Manchester. Ba zan yi ƙarya ba, daɗin da na ji a lokacin ban taɓa jin irinsa ba. Na ƙara da cewa shi ne ya fi cancantar 'yan sanda su ziyarta, kuma na san adireshin.

Likita ya mayar da kwalin cikin jaka da kansa, ya zuge ta. Ya yi wa Baffa godiyar zuwa, ya ce za a ji daga gare su. Ba a yi addu'ar ba. Ni da Baffa muka rabu a tashar bas.

Na ji labari daga baya cewa kawu ya cire akwatin a makon, taron Asabar ya watse, kuma har yanzu akwai masu tambayarsa sakamakon wasa da gangan. Duk lokacin da na tuna sai in ce madalla, kaɗan ma ya gani.

Amma a ranar zaman, jirgin komawa Manchester bai kai rabin hanya ba wayata ta yi ƙara. Ita ce. Ba kuka take yi ba, muryarta a bushe. Ashe tana bayan ƙofa, ta ji komai.

"Baba ya ce laifin na'ura ana gyarawa, amma ba zai ba da 'yarsa ga wanda zai tsiraita babba a gaban mutane ba." Ta ƙara da cewa, "Ka san tun jiya ya gaya wa Umma watan da yake so a ɗaura? Ya riga ya yarda. Minti biyar kawai ake so ka yi shiru."

Na ce ai kawunta ne ya fara.

Ta ce, "Na sani. Ka ci nasara a kansa." Sannan ta kashe wayar.