Hannu a Kan Mai Lafiya

Shekara talatin da ɗaya ina auren mutumin da ba ya iya kashe fitila sai ya tambaya. Zai ɗora yatsa a kan makunni, ya juyo ya dube ni, ya ce, "Wannan?" Makunni biyu ne rak a falonmu, na fitila da na fanka. Da muna sabon aure nakan ce, "A'a, na maƙwabta." Yanzu na gaji, ko kai ba na ɗagawa nake cewa, "Shi ne." Abokan aikinsa Dakata suke kiransa. Ni Kyaftin nake ce masa, in raina ya ɓaci in ja sunan.

Matuƙin jirgin sama ne. Da miƙa wa makanikai sifana ya fara a rumfar gyaran jirage, har kamfanin ya ga hankalinsa ya tura shi makarantar tuƙi. Yana shekara ta biyu a kujerar dama, wato ta mataimaki, injin hagu ya mutu musu jim kaɗan bayan tashi. In inji ya mutu, dole a rufe masa mai don gudun gobara. Ya kai hannu, ashe makunnin dama ya nufa, na injin da ke ɗauke da su. Sai ya tarar da tafin tsohon kyaftin ɗinsa a kai, ya rufe shi ruf. Mutum saba'in da huɗu ne a bayansu. Sai da na haifi 'yarmu ta biyu ya iya ba ni wannan labari.

Haka littafin kamfaninsu ya koyar: wanda zai kashe ya kama na mataccen, abokinsa ya rufe na mai lafiya da tafi, a tambaya, a amsa, sannan a kashe. Sauran matuƙa a littafi suka karanta. Shi kuwa wanda maciji ya sara ne.

Bara aka haɗe kamfaninsu da wani babba. Haɗewa aka ce, amma ni na ga wanda ya haɗiye wani. Aka canja musu hula, aka canja fenti, aka kawo sabon littafi, aka ce kowa zai sake jarrabawa a akwati. Haka suke kiran na'urar nan mai kama da gaban jirgi, da ake kashe musu inji da gangan a cikinta.

Abin dariyar, mijin babbar 'yarmu matuƙi ne a babban kamfanin. Yana da kunya, idonsa a kan faranti yake yi wa Kyaftin gardama.

"Baba, jiragen yanzu ba sa ɓoye komai. Allo zai nuna matacce da ja. Ka faɗa, abokinka ya ce ya gani, ka kashe."

"Allon ne zai kai hannu, ko kai?"

"Ai shi ya sa muke shiga akwati sau biyu a shekara, Baba. Ku sau ɗaya."

Kyaftin ya tauna wannan tare da lomarsa. "Nan kam kun fi mu," ya ce. Ba shi da ƙyashin faɗin gaskiya, ita ce ma ke sa rigima da shi ba ta da daɗi.

Ya shiga akwati ya faɗi. Inji ya mutu, ya kama makunnin daidai, ya ce, "Wannan?" Mataimakin, ɗan babban kamfani, ya ce ya gani. Kyaftin ya tsaya jiran tafin da ba zai zo ba. Mataimakin yana kallonsa, shi yana kallon makunnin dama a buɗe, har daƙiƙa goma sha shida. Mai jarrabawa ya rubuta: jinkiri. Aka ba shi mako uku ya sake. In ya kuma faɗuwa zai koma kujerar dama, ƙarƙashin mutanen da shi ya koya wa tuƙi, saura shekara biyu ya yi ritaya. Da safe na same shi yana goge rigar aiki, ya tsaya a kan ratsi huɗun nan na kafaɗa har na ji ƙauri. Tausayinsa ya kama ni ƙwarai.

Kicin ɗina ya zama jirgi. Muka jera kujeru biyu gaban murhun gas, buta a hagu, buta a dama. In ce, "Hagu ya mutu!" Shi ya faɗa, in ce na gani, ya kashe. Abu kamar wasa, amma kullum hannun sai ya maƙale. Rana ta biyar haƙurina ya ƙare.

"Haba Kyaftin! In kiɗa ya canja rawa ma canjawa take. Ruwan shayi ne fa, ba mutum saba'in da huɗu ba."

Ina faɗa na yi nadama. Bai yi fushi ba. "Ni na sani," ya ce. "Hannun ne bai sani ba."

A haka surukinmu ya same mu, ya kawo jikoki. Ya roƙi a nuna masa tsohuwar hanyar. Na rufe makunnin murhu na dama da tafina, Kyaftin ya tambaya, na amsa, ya kashe. Surukin na duban agogonsa.

"Daƙiƙa uku. Baba, littafinmu fa bai hana wannan ba."

"Bai kuma ce a yi ba," in ji Kyaftin. Aka bar maganar a nan.

Ranar jarrabawa ni na kai shi, na zauna a mota ina kallon ƙofar gilashi har rana ta take. Da ya fito bai dube ni ba. Ya shiga, ya aje hula a cinya.

"To?"

"Na ci."

Wata mata aka haɗa shi da ita, 'yar babban kamfani, bai taɓa ganinta ba. Ya shiga akwati da niyyar ko sama da ƙasa za su haɗu ba zai jira ba. Inji ya mutu, ya kama makunni, ya duba ƙasa, sai ga tafinta a kan mai lafiya. Da suka fito ta ce masa, "Yallaɓai, surukinka ne ya ishe mu a ɗakin shan shayi, da kofi biyu yake nuna mana. Mu da yawa mun ɗauka."

A nan kam ban tsare hawayena ba.

Da la'asar ya ce mu je gidan 'yarmu. Na san ba zai iya yi wa suruki godiya da baki ba, zama kawai zai yi ya sha shayinsu. Za mu fita ya ɗora yatsa a kan makunnin fanka, ya juyo.

"Wannan?"

Na aje jakata, na tako har bangon, na rufe na fitila da tafina.

"Shi ne," na ce.