Hancin Baba Gyang

Ku da kuka zauna ajin Turancinsa a Makera ba sai na faɗa muku ba: Baba Gyang ba ya duba littafi, sunsuna shi yake yi. Ranar Litinin mu jera da littafin da ya ba mu mu karanta a gida, ya karɓa ɗaya bayan ɗaya, ya shafa gefen da babban yatsa, ya kai hanci. Wai littafin da aka karanta ƙamshin gida yake yi, ko hayaƙi ko miya ko man shafawa, wanda ba a buɗe ba kuwa warin kanti. Mu dai mun ɗauka iyayi ne. Sai a shekararmu ta ƙarshe muka gane ido ne ke tafiya, kuma kowa ya san in Madam mai makaranta ta tabbatar, sallama ce. Ga jarrabawar fita a gabanmu, shi kuma ya ce ko da rarrafe sai ya kai mu.

Bitrus, kar ka sunkuyar da kai, da kai zan fara. Wannan bawan Allah ya ga wa'adi ya cika bai buɗe ko bango ba, sai ya samu manja ya ɗiɗɗiga a tsakiyar littafin. Baba ya sunsuna, ya jinjina kai, ya ce lallai an sha karatu. Sannan ya tambaye shi me ya faru da matar nan a shafin mai manja. Bitrus ya yi fuskar tausayi ya ce ta rasu. Matar kuwa aure ta yi a shafin!

"Bitrus," in ji Baba, "manjan ya fi ka ƙoƙari. Shi ya kai tsakiya."

To, sai aikin bincike. Dokarsa ɗaya ce: sai ka tambayi mai numfashi, ban da waya. Wasu ya tura su wajen tsofaffin ma'aikatan masaƙa a Kakuri, wasu wajen masu gyaran keke-napep, Bitrus kuma kiwon kaji. Tunda ba ya ganin rubutu, sai ka tsaya gaban aji ka karanta da bakinka. Bitrus ya miƙe da Turanci kamar na rediyo, yana bayanin yadda ake kare kaji daga dusar ƙanƙara. Baba ya bar shi ya gama tsaf, sannan ya tambaya a hankali ko a wane layi ƙanƙarar ke sauka a unguwarsu ta Mahuta, yana so ya je kallo. Ya tura shi wajen wata mata mai kaji, ya yi Asabar yana kwashe kashi yana tambaya. Ranar da ya dawo, tun daga ƙofa Baba ya ce wannan karon an yi bincike, amma Bitrus ya zauna can baya don Allah.

Ranar da muka fi tsorata kuwa, ranar da Madam ta shigo da takarda ce, ta ce Baba ya karanta wa aji da kansa. Ya riƙe takardar, ya gyara gilashin da ba ya yi masa komai, ya ce a ajinsa uwa ba ta tauna wa ƙato abinci.

"Rifkatu, karɓi."

Ni ce Rifkatun, ina zaune ta dama, shi kuwa ya miƙa ta wajen taga. Na zame takalmi, na lallaɓa na tsaya daidai hannunsa, kamar dama can nan ne wurina. Na karɓa na karanta. Madam ta saurara ta fita.

Da muka rubuta takardar ƙarshe ta jarrabawa, da ƙafarsa ya je ofis ya faɗa mata gaskiya. Ta ce ai ta sani tun ranar da ya gaida rigar ruwanta a jikin ƙofa, har ya tambaye ta yara. Ta yi shiru ne don ba ta da ajin da ke karatu kamar nasa. Maimakon godiya, fushi ya yi! Wai an bar shi yana wahalar ɓoyo a banza.

Zuwana na ƙarshe gidansa a Narayi, ya gane ni tun daga sallama. Muka yi ta dariya, can ya ce abu ɗaya ke damunsa: muryoyinmu sun girma a kunnensa, amma fuskokinmu na nan na yara, bai ga yadda muka zama ba. Wallahi sai da na fita waje na yi kuka.

Ya Ubangiji, ka ba Baba hutu a wurinka. Ka buɗe masa idanun nan tarwai, ya leƙo ya gan mu yau, mun girma.