Gwangwanin Haladu Mai Rediyo

Haladu mai gyaran rediyo bai taɓa mallakar mitar gwajin wuta ba. A rumfarsa da ke bakin kasuwar Gumel kunne ne ma'auni, kamar yadda ya koya wurin ubangidansa: ka kara kunne, ka murɗa, ka ji. Yakan ce duk mai gyaran da sai ya dubi allurar mita, kurma ne ya aro kunne. Ya faɗi wannan magana a gaban mutane da yawa, kuma kasuwa ba ta mantuwa.

Da wayar hannu ta kashe rediyo, makaɗa ne suka rufa masa asiri. Ilu, wani mai jita ɗan Damagaram da ke kiɗan biki tsakanin Maigatari da Sule Tankarkar, shi ya fara zuwa da kuka, wai jitarsa na tsuwa a lasifika kamar ana kankare tukunya. Haladu ya ciro wasu ƙananan kayan ciki, rizisto da kondansa, daga gawar wata rediyo, ya liƙa su da dalma cikin gwangwanin kifi, ya dasa abin murɗawa a murfin. Sauti mai kauri ya wuce lafiya, siririn ya mutu a hanya.

"Rariya ce mai aiki a baibai," in ji Haladu. "Tsaki ke wucewa, gari ya tsaya."

"Baba Haladu, ko dai aljani ka rufe a ciki?" in ji Ilu.

"In da aljani ne, da kai zai fara tacewa."

Sunan gwangwanin ya zaga. Masu fiyano har daga Gagarawa suka riƙa zuwa, kowa ya zauna a benci yana kallon Haladu ya rufe ido, ya karkata kai, yana murɗawa har sautin ya zauna.

Ƙwaron nan gyare ne ya fara yin shiru. Wata damina Haladu ya lura bai ji kukansa ba, ya ɗora laifin a kan maganin feshin manoma. Sai warwaron matarsa Lauratu ya daina ƙara, ta riƙa bayyana a bayansa kamar inuwa. Ran nan ya gama wani gwangwani, ya murɗa daga wannan ƙarshe zuwa wancan, bai ji komai ya canza ba. Ya sake kondansa. Shiru. Ya sa wadda ta fi ta girma, ya ƙara wata, har yankan sautin ya gangaro inda kunnensa ke kaiwa. Nan ya ji, ya kuma gane matsalar a kunnensa take.

Daga ranar gwangwanayensa suka fara duhu. Jita ta koma kamar ana kaɗa ta a gindin rijiya. Wanda ya yi ƙorafi, Haladu ya ce masa yayi ne, kunnen ƙauye ne bai waye ba. Mita tana nan a shagon da ke kallon rumfarsa, amma ranar da ya tsallaka ya saya, ranar ya tona kansa. Akwai kuma abin da ko a ransa ba ya son dubawa: yana jin wani sanyi idan ya tuna cewa duk bikin da aka yi da gwangwaninsa, jama'a na jin duniya yadda shi yake jin ta.

Lauratu ta gane. Ta dai daina yi masa magana daga ɗaki, sai ta zagayo gabansa tukuna. Wannan tausayin ya fi zagi ciwo.

Ilu ne ya ƙi haƙura. Ya ɗauko Haladu a babur zuwa wani biki a Maigatari, bayan la'asar.

"Zauna nan, Baba. Zan kaɗa da gwangwaninka, in cire shi in sake kaɗawa. Kunnenka ne alƙali."

Haladu ya zauna dab da lasifika, ya rufe ido, ya karkata kai irin na gwanaye. Ilu ya kaɗa, ya zare gwangwanin, ya juyo da jitar gaban lasifikar bai ankara ba. Wata siririyar ƙara ta tsage filin. Mata suka toshe kunne, goyo ya ɓarke da kuka, awakin da ke ɗaure suka yi ta fizgar igiya.

Haladu na zaune, ido a rufe, yana gyaɗa kai a hankali.

"To ka ji," ya ce da ƙarfi. "Ina bambancin?"

Ya buɗe ido. Hannun kowa na kan kunnensa, idon kowa na kan Haladu. A cikinsu har da masu fiyano biyu da ya sani.

Ilu ya kashe lasifikar, ya durƙusa, ya ajiye gwangwanin a cinyar Haladu. Ya yi wata magana ƙasa-ƙasa, ta girmamawa. Haladu ya ga leɓɓansa na motsi.

Labarin ya riga shi isa Gumel. Har yanzu yana buɗe rumfar kullum, ya share bencin, ya ɗora ƙarfen dalma a wuta. Kwanan baya wata babbar mota ta tsaya a bayansa, a tafin ƙafarsa ya fara sanin zuwanta.