Ƙafar da Haladu ya kwance

Duk ƙasar Roni ba a yi mai ɗaurin ƙafar keke da babur kamar Haladu ba, kuma ba a yi mai taurin kai irinsa ba. Ni na san shi, don ni ne malamin gona a ƙauyensu.

Bai taɓa shiga aji ba, amma lissafi ya shige masa rai kamar ciwo. Da keke ya fara, tun kafin 'yancin kai. Babur na farko da ya taɓa shi ne BSA ɗin wani malamin daji, ƙirar Ingila, waya arba'in a kowace ƙafa. Da na Japan suka shigo, su Honda da Yamaha da Suzuki, ya ƙirga ya sami talatin da shida, ya yi ta murna kamar an yi masa haihuwa.

"Malam, dubi lamba mai zumunci," in ji shi. "Raba ta biyu, ta rabu. Uku, huɗu, shida, tara, duk ba saura. Ƙara mata ɗaya ka ga tsiya. Talatin da bakwai ba ta rabuwa da kowa, muguwa ce."

Basfa kuwa ko kallonta ba ya yi, wai abin da ba shi da waya ko ɗaya ba babur ba ne, kujera ce. Matarsa Shatu takan tsokane shi, ta ce ko ƙosai ta soya sai ya duba cika ne ko mara kafin ya ci.

Shekarar da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi na sayi Honda 175. Kaf ƙauyen babu wani babur sai shi. Cikin kaka waya ɗaya ta tsinke a ƙafar baya. Na kai masa, na ce ya ɗan ɗaure sauran kawai.

"Talatin da biyar? Mara ke nan, Malam. Wayoyin nan huɗu-huɗu suke riƙe juna. Ba zan sake ka a kan mara ba."

Na yi faɗa, na ce haba Haladu, waya ɗaya tal! Ina! Kafin in dawo daga masallaci ya zare su duka, ya jera a tabarma, ya ɗora babur a kan turmi. Wai ya ba da sautun sabuwa Kano, sai ta zo zai ɗaura daga farko. Wallahi na ji haushi.

Washegari da hantsi aka shigo da Shatu ranga-ranga. Gamsheƙa ya sare ta tana cirar gyaɗa. Asibiti sai Kazaure, ga babur kuma a kan turmi, ƙafa ɗaya. Haladu ya tsaya yana duban tabarmar nan, bakinsa na motsi. Ƙannenta suka ɗora ta a jaki suka kama hanya. Na daka masa tsawa, na ce ɗaura, mu cim musu!

Ban taɓa ganin hannu ya yi sauri haka ba. Yatsunsa na jini, yana zura waya yana murɗawa. Amma ɗaurin ƙafa ba ya gaggautuwa, sai da rana ta take sannan ya gama. Rami ɗaya ya bari fayau. Na hau, ya hau bayana, muka bi ta cikin duwatsu da kwazazzabai, ban rage wuta ba ko sau ɗaya.

A gindin wata tsamiya muka tarar da su. Jakin na kiwo. An lulluɓe ta da zanenta har fuska.

Haladu bai je wurinta ba tukuna. Ya sauka, ya tsuguna a gindin babur, ya bi wayoyin da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Babu wadda ta saki, babu wadda ta lanƙwashe.

"Malam," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa, "mu biyu fa ƙafar nan ta ɗauko, ƙarti. Shatu ko rabina ba ta kai ba."

Tausayinsa ya kashe ni, haushinsa kuma bai sake ni ba.

Daga ranar bai ƙara taɓa ƙafar kowa ba. Ya koma noma, ya tsufa da wuri, ya rasu shi kaɗai a ɗakin. Wayar Kano kuwa ta iso ne bayan sadakar ukun Shatu, ya ƙi karɓa, ni ma ban sa an saka ba. Na yi shekaru ina hawan babur ɗin nan a kan talatin da biyar, kullum ta ƙofar gidansa nake wucewa, don babu wata hanyar. Da ma ƙafar ta karye, da ya sami sauƙi. Ba ta taɓa karyewa ba.