Mai Hura wa Filashi Iska

A bakin kasuwar Birnin Kebbi ga wani mai gyaran kwamfuta, sanye da kwat cikin wannan zafi, filashi uku na adana manhaja rataye a wuyansa kamar layu. Wata malamar makaranta daga Argungu tana jira ya zuba wa kwamfutarta sabuwar manhaja, gobe ɗalibanta ke da jarrabawa. Yana soka filashi, kwamfuta tana ƙin tashi. Sai ya zare, ya hura masa iska, ya goga a kwat. Da alama da can rediyo yake gyarawa.

"Malama, wagga na'ura raɓar gulbi ta sha," in ji shi.

Can tsohuwar manhajar ta tashi da kanta, filashin ya ɓarke da waƙar biki. Ya gyara zaman kwat.

"Kin jiya? Sauti dai ya gyaru."